Ranar da Kumbo Ya Yi Magana da Kano

Ranar Talata, 20 ga Fabrairun 1962, azumi ya kai tsakiya. A garuruwan fadamar Haɗeja, irin su Miga da Auyo da Kafin Hausa, la'asar ta yi, mata sun fara haɗa kayan buɗa-baki, yara kuwa hankalinsu na kan tashen da za su fita da dare, don wata ya cika. Iskar hunturu ba ta gama janyewa ba. A daidai wannan lokaci, jim kaɗan bayan ƙarfe huɗu, wani Ba'amurke mai suna John Glenn ya ratso sararin samaniyar Afirka ta Yamma a cikin wani kumbo da bai fi ɗan ƙaramin rumbu girma ba, yana gudun kusan kilomita 28,000 a awa guda. Ya leƙa ta taga, ya shaida wa masu sauraronsa a ƙasa cewa yana hango ƙura ta turnuƙe. Suka amsa masa cewa ai mako guda ke nan iska na kaɗawa da ƙarfi. Mutanen nan da suka amsa masa, a Kano suke zaune.

Ni da na yi firamare a wannan yanki, na haddace sunan Neil Armstrong da shekarar 1969 kamar yadda na haddace sunan Mungo Park, don kawai suna fitowa a jarrabawa. Ba wanda ya taɓa ce mana Kanon da kakanninmu ke kai gyaɗa tana cikin labarin. Sai da na girma na yi 'ya'ya na ci karo da wannan hira a tarihin tafiyar Glenn, na yi shiru ina tunanin yadda ajinmu zai kasance da a ce da ita aka buɗe darasin. Ban ga laifin malamanmu ba, su ma ba a gaya musu ba.

Wannan ne ya sa na koma baya ina bin sawun hanyar da labarin wata ke bi ya isa kunnen yaron Hausa. Hanyar ta girmi kumbo nesa ba kusa ba.

Yaron da ya tashi a bakin kogi kafin zuwan tocila da lantarki ya san wata sanin da ɗan birni na yau bai yi masa ba, domin wata ne fitilarsa, shi ne kuma agogon wasansa. Ya san jinjirin wata a yamma yake tsayawa bayan magariba, kuma ba ya daɗewa yake faɗuwa. Ya san kullum yana ƙara jinkiri, har ran sha huɗu ya fito daga gabas daidai lokacin da rana ke faɗuwa, ya kwana yana haske. Ya san daga nan fitowarsa za ta riƙa ja da baya, har a shiga duhun wata, dandali ya mutu, a koma ɗaki da wuri. Masana sun auna wannan jinkiri, kusan minti 50 ne kowace rana. Yarinyar da ke ƙirga kwanakin da suka rage mata na gaɗa ba ta san adadin ba, amma ba ta kuskuren lissafin. Haka masunci da ke kwana a kwalekwale, haka makiyayin da ya sauko fadama da shanunsa da rani.

Sannan akwai sunaye, kuma kowane suna da ɗan labarinsa a ciki. Tauraruwar nan mai haske da ake gani a yamma kusa da jinjirin wata, an ce da mu Zara ce, matar wata. Yaron da aka gaya wa haka zai sa ido. Zai gan su tare yau, bayan kwana uku ya ga mijin ya yi nisa, wani watan ma ya neme ta ya rasa, sai ya tambaya ko yaji ta yi. Wannan tambaya ita ce farkon ilimin taurari ko'ina a duniya: me ya sa wannan ke tafiya, wancan yana tsaye? Abin sha'awa, Zarar nan da Gamzakin da ke fitowa da asuba abu ɗaya ne. Duniya ce irin tamu da ke kewaya rana, Larabawa na kiran ta Zuhura, wani lokaci ta bayyana da maraice, wani lokaci da asuba. Can kuma ga kaza da 'ya'yanta sun taru wuri ɗaya. In kuwa inuwar duniyarmu ta faɗa kan wata ya yi ja, sai a ce wata ya yi zazzaɓi, ko rana ta kama shi, yara su fito da gwangwani da tsohuwar ƙwarya suna kaɗawa har ya saku, manya kuma su nufi masallaci sallar husufi. Bayanin ba daidai ba ne, amma ya fitar da yaro waje, ya sa shi ɗaga kai sama awa biyu cur. Darussan kimiyya nawa ne a makarantunmu suka taɓa yin haka?

Tatsuniya ma ba ta bar zancen tashi sama ba. Wadda ta fi zama a raina ita ce ta Gizo da hankaki, wataƙila don a tsakiyar kogi abin ya faru, mu kuwa 'yan kogi ne. Hankaki na zuwa cin ɓaure a wata bishiya da ruwa ya kewaye, Gizo ya roƙa a tafi da shi, kowane ya cire gashi ɗaya ya ba shi, ya haɗa fuka-fukai ya tashi. Da aka isa sai haɗama ta motsa, duk ɓauren da wani ya nufa ya ce shi ya fara gani. Suka fusata, kowa ya zare gashinsa, suka bar shi a kan reshe, ruwa gaba, ruwa baya. Tsohuwar da ta ba mu labarin nufinta mu bar zari. Amma akwai wani darasin a ciki da sai daga baya na gane: tafiya sama ba ita ce wahalar ba, dawowa ce. Lokacin da Shugaba Kennedy ya tsaya gaban majalisar Amurka a watan Mayun 1961 ya ɗauki alkawarin kai mutum wata kafin ƙarshen shekarun 1960, sai da ya haɗa da sharaɗin a dawo da shi gida lafiya. Duk yaron da ya san Gizo a kan ɓaure ya san dalilin wannan sharaɗi.

Wannan makarantar tsohuwa ke nan, ta cikin ɗaki. Akwai kuma ta zaure. Malamai sun gaji lissafin manzilolin wata 28 daga Larabawa, kowace manzila da kwanakinta 13 a shekara, ɗaya ce kawai ke da 14, a haɗa a sami kwana 365. Surayya, wato kaza da 'ya'yanta, tana cikinsu, haka su Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha. Da su manomi ke tambayar malam wane tauraro ake ciki kafin ya zuba iri. An sa wannan lissafi a waƙoƙin ajami don ya yi sauƙin haddacewa, har wani manazarci Bature, Mervyn Hiskett, ya yi rubutu a kansu a 1967. Kafin nan da daɗewa an yi Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya shahara a ilimin hisabi da taurari, ya rasu a Alƙahira a 1741. Almajirin da ya kai Suratu Yasin a allonsa ya riga ya karanta zancen manzilolin wata tun bai san fassararsa ba. Saboda haka ba a sami kan yaron Hausa a fanko ba ranar da zancen kumbo ya zo.

Boko ta zo da nata. Abubakar Imam da Rupert East sun rubuta Ikon Allah don bayyana kimiyyar halitta da Hausa, Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta fara fitowa daga Zariya a 1939. Amma rediyo ce ta yi babban aikin. A watan Maris na 1957 BBC ta buɗe sashen Hausa, a ranar 4 ga Oktoban wannan shekarar kuma Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, ƙarfe na farko da ɗan'adam ya sa ya kewaya duniya. Bayan wata guda suka aika karya mai suna Laika. Ranar 12 ga Afrilun 1961 Yuri Gagarin ya zama mutum na farko da ya fita ya dawo. Dole masu fassara labarai su nemo kalmomi, kuma abin da harshen ya haifar ya cancanci yabo. Aka ce tauraron ɗan'adam, wanda ko yaro ya ji ya gane. Aka ɗauko kumbo, sunan wata ƙwaryar cin abinci, aka liƙa wa jirgin. Matuƙan kuwa aka ce musu 'yan sama jannati, suna mai ƙamshin almara, kamar daga bakin tsohuwa ya fito.

To, yaya aka yi Kano ta shiga ciki?

Kumbon da aka harba daga Florida yakan kewaye duniya cikin kusan minti 90, kuma rediyon wancan zamani ba ya jin sa sai yana saman inda kake. Cikin 'yan mintoci ya wuce. A gudun Glenn, tsakanin Kano da Haɗeja bai kai rabin minti ba. Don haka hukumar NASA ta jera tashoshi 18 a kewayen duniya, wasu a tudu, wasu a kan jiragen ruwa, wannan ta karɓi muryar matuƙi da bugun zuciyarsa da lafiyar na'urorinsa, ta miƙa wa ta gaba, kamar yadda fatake ke sauka zango zango. Hanyar kumbon shirin Mercury takan ratsa tekun Atilantika, ta bi ta tsibiran Kanari, ta gangaro ta kan Afirka ta Yamma ta nufi gabas. Zango biyu aka kafa a wannan tsakani, Kano da Zanzibar. Ta Zanzibar an rufe ta bayan juyin juya halin da aka yi can a 1964. Ta Kano ta ci gaba da aiki har cikin shirin Gemini, wanda a cikinsa ne Amurkawa suka koyi haɗa kumbo biyu a sama da fita waje a yi aiki, abubuwan da in babu su ba zuwa wata. A lokacin kuwa Miga da Haɗeja duk cikin Lardin Kano suke, Sarki Muhammadu Sanusi na kan gadon Dabo, Sardauna na Kaduna.

Gwamnatin wancan lokaci ta san darajar abin. A 1963 Najeriya ta buga kan sarki guda biyu, ɗaya da hoton kumbon Mercury da tashar Kano, ɗaya da tauraron sadarwa na Syncom da tashar jiragen ruwan Legas. Ranar 23 ga Agustan wannan shekarar Shugaba Kennedy ya yi magana da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta wayar da ta bi ta tauraron Syncom 2, jirgin ruwan Amurka mai suna Kingsport da ke tsaye a Legas shi ya karɓo muryar. Wannan ce hira ta farko da shugabannin ƙasashe biyu suka yi kai tsaye ta tauraron ɗan'adam. Ɗaya daga cikinsu tsohon malamin makaranta ne daga Bauchi, wanda ya rubuta Shaihu Umar. Marubucin labarin Hausa ke nan a bakin waya, muryarsa ta hau sama dubban kilomitoci ta sauko a Amurka. Ban san wani abu da ya fi wannan dacewa da littafin karatun aji huɗu ba, amma ban taɓa ganin sa a ciki ba.

Sai daren Lahadi, 20 ga Yulin 1969. Damina ta kankama, ana tsakiyar noma, ana kuma tsakiyar yaƙin basasa. Jihar Kano na da shekara biyu, Audu Baƙo na gwamna. Gidan da ke da rediyo a ƙauye, labarin bakin daga ake taruwa saurare, don akwai 'ya'yan mutane a can. Watan Jimada Lawwal na 1389 yana da kwana biyar zuwa shida. Da ƙarfe 9:17 na dare agogon Najeriya, lokacin da Armstrong da Buzz Aldrin suka sauke kumbonsu, watan na rataye a yamma, bai kai rabi ba. Duk wanda ya fito tsakar gida a Miga a daren, in hadari bai rufe ba, ya kalli wata da mutum biyu a kansa, na ukunsu Michael Collins yana kewaya shi yana jiran su. Kafin Armstrong ya sa ƙafarsa ƙasa, da ƙarfe 3:56 na asubahin Litinin, watan ya daɗe da faɗuwa a wajenmu.

Ba talabijin, ba hoto, sai ji. An ce gani ya kori ji, to a nan ji ne kaɗai ya zo, shi ya sa gardama ta yi yawa. Wasu suka ce ƙaryar Nasara ce, wasu suka ce kan wani dutse suka sauka. Mutum biyu ne, a ganina, suka ɗauki labarin suka sa masa rigar gida.

Na farko Alhaji Mamman Shata Katsina. Waƙarsa ta Kumbo Apollo 11 ta kai zancen inda jarida ba ta zuwa: tashar mota, rumfar mai shayi, gidan biki. Abin da kalangu ya ɗauka, yara sun ɗauka. Har yau akwai dattawan da ba su san sunan ko ɗaya daga cikin matuƙan ba, amma ka ce Apollo, sai su ce Shata.

Na biyu Umaru Dembo. A 1969 ɗin nan kamfanin NNPC na Zariya ya buga ɗan littafinsa Tauraruwa Mai Wutsiya, wanda manazarta ke lissafawa a matsayin ƙagaggen labarin kimiyya na farko da Hausa. Yaro ne jarumin, Kilba, wanda wani baƙo daga sararin samaniya mai suna Kolin Koliyo ya ɗauka yawo. Dubi sunan littafin kawai. Bahaushe ya gaji cewa tauraruwa mai wutsiya ganin ta ba alheri ba ne, in ta fito sai a fara zancen mutuwar manya ko yunwa. Dembo ya ɗauki abin da ake tsoratar da yaro da shi ya mai da shi ƙofar shiga labari. Bai kuma yi nisa da gida ba: tafiya wata duniya a ga abin mamaki a dawo a ba da labari, ai ita ce hanyar Ruwan Bagaja da Ganɗoki tun 1934, sai dai a nan na'ura ta karɓi aikin aljani. Dembo ya san yara, shi ne ya rubuta Wasannin Yara. Ya gane cewa ba a fara wa yaro da nisan wata, da wani yaro irinsa ake fara masa.

Da an bi wannan sawu da yanzu muna da rumbu guda na irin waɗannan littattafai. Ba a bi ba. An buɗe makarantu ko'ina da shirin ilimin firamare na bai-ɗaya a 1976, yara suka cika azuzuwa, amma kimiyya da Turanci aka ajiye ta, Hausa aka bar mata karin magana da tarihin sarakuna. Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, soyayya da zaman aure da yaƙin takobi suka cika kasuwa. Ba na raina su, su suka koya wa dubban mata da matasa son karatu. Sai dai yaron da ke son sanin abin da ke bayan gajimare bai sami nasa ba. Ita ma tsohuwar da ke cewa ga ta nan ga ta nanku, bidiyo ya ƙwace mata masu sauraro, daga baya waya ta ƙarasa.

Wurin da aka bari a buɗe kuwa ba ya zama haka nan. Labarin wata ɗaya tilo da na tabbata ya ratsa kowane lungu na ƙasar Hausa bayan na Shata shi ne cewa Armstrong ya ji kiran salla a can, daga baya ya ji irinsa a Masar ya musulunta. Na ji shi a bakin manya ina yaro, yanzu kuma ina ganin sa yana yawo a WhatsApp. Bai faru ba. Armstrong ya musanta da kansa, har a 1983 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta aika wa ofisoshin jakadancinta takardar ƙaryata zancen. Addini bai bukaci a tallafe shi da abin da bai faru ba. Amma a lura da dalilin da ya sa wannan ya rayu alhali an manta da tashar Kano: yana da mutum, yana da abin mamaki, yana da ƙarshe, kuma ya sa mu a ciki. Tatsuniya ce cikakkiya. Gaskiyar kuwa an bar ta a jadawalin shekaru.

Alhali gaskiyar ta fi daɗi. Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya je sararin samaniya a watan Yunin 1985. A watan Oktoban 2007, cikin azumi, wani likita ɗan Malesiya, Sheikh Muszaphar Shukor, ya tafi tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, inda rana ke fitowa ta faɗi sau 16 a kwana guda. Sai da malaman ƙasarsa suka zauna suka rubuta masa jagora: da wane lokaci zai yi salla, ina zai fuskanta, yaya zai yi sujada a inda jiki ba ya zama ƙasa. Ka ba almajirai wannan a zaure ka ga ko za a yi barci da wuri.

Wasu al'ummomin ba su yar da tatsuniyarsu ba da suka shiga wannan fage. Sinawa na da tsohon labarin wata mace, Chang'e, da ta tashi ta koma wata da zama tare da zomonta. Da suka tashi aika na'urorinsu sai suka sa musu sunanta, motar da ta sauka a Disambar 2013 kuma suka kira ta Yutu, sunan zomon. A Janairun 2019 Chang'e ta huɗu ta sauka a bayan wata, ɓangaren da ba ya taɓa juyowa gare mu, inda ba wanda ya taɓa sauka. Yaron Sin da kakarsa ta ba shi labarin zomo ya ji a labarai cewa zomon ya isa. A Turai ma labari ne ya riga roka. Jules Verne na Faransa ya buga littafinsa na tafiya wata a 1865, ya harba mutum uku daga Florida, shekara 104 kafin a yi hakan da gaske, kuma Konstantin Tsiolkovsky na Rasha da Hermann Oberth, waɗanda suka aza harsashin lissafin roka, duk sun ce littattafansa ne suka fara sa musu abin a rai.

Wani zai ce, mutanen da ruwa ke cinye wa gona, ina ruwansu da wata? Tambayar na da nauyi, kuma a Miga ta fi nauyi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar kogin ta sauya, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ambaliya ta zama baƙuwar da ake tsammani. A 2020 da 2022 mun ga shinkafa ta nutse, gidajen ƙasa sun zube, azuzuwa sun koma masaukin waɗanda suka rasa matsuguni. Amma hasashen ruwan saman da ake karantawa a rediyo, da hoton da ke nuna inda ruwa ya malala daga Ringim zuwa Nguru, da taswirar da ke cikin wayar da kake karanta wannan rubutu, duk daga sama suke saukowa. Najeriya ta kafa hukumar sararin samaniyarta, NASRDA, a 1999. Tauraronta na farko, NigeriaSat-1, an harba shi daga Rasha a Satumbar 2003, ya yi aikin ɗaukar hoton ƙasa, ya kasance cikin rukunin taurarin da ke sa ido kan bala'o'i, har hotunansa sun yi amfani a Amurka lokacin guguwar Katrina a 2005. A Ingila aka ƙera shi. Na sadarwa da aka saya daga Sin a 2007 ya mutu bayan shekara ɗaya da rabi, sai da aka sake wani a 2011. Kayan aro ba ya rufe katara, Gizo ya riga ya gaya mana. Abin da ya fi faranta mini rai a jerin shi ne NigeriaSat-X na Agustan 2011, wanda injiniyoyin Najeriya suka haɗa da hannunsu a lokacin da suke koyon aikin a Ingila. Irin waɗannan injiniyoyi ba a jami'a suke fara zama injiniyoyi ba. Wani ne ya ba su labari suna da shekara takwas.

Kayan labarin kuwa ga su nan zube, ba sai an ƙaga ba. Tsakaninmu da wata kilomita 384,400 ne. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa, ba tsayawa shan mai, ba tsayawa salla, sai ta yi kwana 160 a hanya, tsawon damina guda har da kaka. Apollo 11 ya isa cikin kwana uku da 'yan awoyi. Baƙin tabon da ke fuskar wata, Turawan da suka fara kallon sa da madubin hangen nesa sun kira shi teku, inda Armstrong ya sauka ma sunansa Tekun Natsuwa, amma ko ɗigon ruwa babu, narkakken dutse ne da ya daskare. Ɗan masunci zai yi dariyar tekun da ba kifi. Kayan da ke da nauyin kilo 60 a kasuwar Miga, a can kamar kilo 10 za ka ji shi. Mutum 12 ne suka taka wata tsakanin 1969 da Disambar 1972, suka kwaso duwatsu da ƙasa kilo 382, kuma sawun takalmansu na nan har yau, don babu iskar da za ta share shi.

Kwanan baya, da farin wata, aka ɗauke wuta, wayoyi suka mutu, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na gwada. Na ce ga ta nan ga ta nanku, suka dube ni suna dariya, sai ƙaramar ta ce ta zo mu ji ta. Na fara da wani mutum a cikin ɗan rumbun ƙarfe, yana tafe a sama da azumi, ya leƙo ya ga hazon hunturu, ya kira Kano. Ba wanda ya motsa har muka sauka a Tekun Natsuwa. Da na zo kan sawun da ba ya gogewa, babbar, wadda ta yi kakar bana tana taya uwarta aikin shinkafa, ta katse ni.

“Baba, in babu iska a can, yaya suke shiƙa?”

Na ce ta bari sai gobe da dare.